Cinyar talotalon daji ta ƙi yin laushi

Assalamu alaikum. Na harbo namijin talotalon daji a jihar Misuri ta Amurka cikin watan Afrilu, kilo 9. Ƙirjin ya yi daidai: na jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan gishiri, cokali huɗu cikin lita ɗaya, na gasa har cikinsa ya kai digiri 74.

Cinyar ce ta gagare ni. Rabinta na gasa, ya fito kamar ƙirgi. Ɗaya rabin na yi farfesu awa biyu a wuta mai ƙarfi, naman ya ƙanƙance, ga jijiyoyi kamar tsinken tsire. Kitse kusan babu, ba irin na gida ba. Saura cinya ɗaya a firiza.

Awa nawa take buƙata a ƙaramar wuta kafin naman ya saki jijiyoyin nan?