Ɗan mai gidan ya zo bayan shekara hamsin da ɗoriya, yaya zan yi?

Abban Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, barci ya ƙaurace min. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, yana lodi tsakanin Kano da Anaca. Akwai wani Ibo mai sayar da taya a Sabon Gari, wurinsa Baba yake saye, har bashi yake ba shi sai ya dawo daga tafiya ya biya. Mai Taya kawai Baba yake ce masa, ban taɓa jin ainihin sunansa ba. Da rikicin 1966 ya ɓarke, Baba ne ya kwantar da shi da matarsa da yaransu a bayan mota, ya jera buhunan gyaɗa ya rufe su da tamfol, bai tsaya ba sai Makurɗi. A nan mutumin ya miƙa masa mukullin gidansa, ɗaki takwas da shago biyu. Aka gama yaƙi a 1970, shiru. Baba ya rasu a 2009, aka raba gado, gidan ya faɗo kasona ni da ƙannena mata biyu. Na rushe gaban na ɗora bene, har filina na sayar na ƙara. To makon jiya wani dattijo ya yi sallama, wai ɗan Mai Taya ne. Ya zo da tsohuwar takardar gidan da hoton ubansa da Baba a jikin motar. Bai ɗaga murya ba, da Hausa ma ya gaishe ni. Ya ce ko gida ko kuɗinsa.

Alhaji Na-Fagge: Kai yaro, kwantar da hankalinka. Ko sisi kar ka ba shi. Gwamnatin soja ta yi doka a kan kadarorin da aka gudu aka bari, ta rufe maganar, babu kotun da za ta saurare shi. Ni na ga zamanin da idona. Kuskurenka ɗaya da ka ba shi wurin zama. In ya dawo ka ce ya tafi kotu, za ka ga ƙafarsa ta ɗauke.

Maman Hanif: Abban Walida, akwai abin da ka tsallake. Baba sayen gidan ya yi, ko ajiya aka ba shi? Kuma da ka ɗora bene, da wace takarda aka ba ka izinin gini?

Abban Walida: Hajiya, ni dai na taɓa jin Baba yana cewa sun daidaita. Maganar takarda kuma wani ne ya yi min hanya a lokacin, ba ita ce damuwar yanzu ba.

Maman Hanif: Ita ce damuwar kuwa. Alhaji kuma, da girmanka, dokar da kake nufi ba ta Kano ba ce. Rigimar Fatakwal ce, inda aka hana Ibo gidajensu bayan yaƙi, aka kafa kwamiti ƙarƙashin David Mark, lokacin yana manjo, ya sayar da su. Doka ta 90 ta 1979 cinikin da wancan kwamiti ya yi ta kare. Baban wannan bawan Allah ba daga kwamiti ya saya ba, mukulli aka damƙa masa hannu da hannu. A nan Arewa abin da aka sani shi ne da yawa sun dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da maƙwabta suka tara musu. Ko Ojukwu da ya ja yaƙin, da gwamnatin Legas ta fitar da shi da ƙarfi daga gidan Ikoyi, Kotun Ƙoli a 1986 gwamnatin ta ba rashin gaskiya. Abin da zai iya taimakonka a kotu shi ne daɗewa, don a jihohi da yawa shekara 12 ce wa'adin ƙarar fili. Amma ka nemi lauya ya duba, lissafin yakan sauya in da izinin mai shi aka shiga.

Alhaji Na-Fagge: Boko dai. Shekara hamsin yana ina? Sai da ya ji an yi bene?

Ɗan Mai Shanu: Ni abin da ke ƙona min rai, kullum nasu ake lissafawa. Kakana a Ama Hausa ta Owerri yake zaune, yana da shanu da rumfar goro. Da riga ɗaya ya iso gida, ƙaninsa kuwa har yau ba a san kabarinsa ba. Wa ya biya mu? Wa ya ma ce mana sannu?

Hajiya Ta Jos: Wallahi kuwa. Mu a rikicin 2001 aka ƙona mana gida. An zo an rubuta sunaye, an ɗauki hoto, an ce diyya na tafe. Mijina har ya rasu yana ajiye da takardar a cikin Alƙur'ani.

Malam Na Zaure: Allah ya mayar muku da alheri, amma wanda ya ƙona gida daban, wannan dattijo daban. Abban Walida, ka ji tsoron Allah a kan mahaifinka. Wannan ba ganima ba ce, ba kuma tsintuwa ba. Sunanta amana, kuma amana ba ta zama gado, ko ta Musulmi ce ko ta wanda ba Musulmi ba. Manzon Allah (SAW) da zai yi hijira ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali su ne suke neman ransa. Masu cewa hauzi, wato shekara 10 ana riƙe da abu mai shi bai yi magana ba, sharaɗinsa mai shi yana nan yana gani ya yi shiru ba uzuri. Wanda ya tsere da ransa ba ya ciki. Ka tambayi mahaifiyarku in tana raye.

Abban Walida: Malam na tambaye ta. Ta ce Baba yana da wani gwangwanin madara babba da yake zuba kuɗin hayar, da ɗan littafi da yake sa a rubuta masa duk wata. Da aka canza kuɗi zuwa naira a 1973 ma sai da ya je ya canza su. Daga baya da motarsa ta faɗi ya taɓa kuɗin. Amma ku duba, Baba ransa ya saka ya cece su. Wannan ba a bakin komai yake ba? Kuma gidan da ya bari na ƙasa ne, rufin duk ya zube, mu muka raya shi.

Maman Hanif: To ai littafin nan ya amsa tambayata. Wanda ya sayi gida ba ya tara wa wani haya.

Alhaji Na-Fagge: Ka ƙona littafin. Magana ta ƙare.

Malam Na Zaure: Subhanallah, Alhaji! Mamaci kake so a ɗora wa nauyi?

Baban Ikram: Ni ina ganin sulhu ya fi. Ka tuna mutanen nan bayan yaƙi fam 20 aka ba mai ajiya a banki komai yawan kuɗinsa, in dai ya taɓa asusun a Biyafara. Wataƙila uban ko kuɗin mota bai samu ba. Ku kira mai unguwa da shugaban Ibo na Sabon Gari, a kimanta filin daban, gininka daban, ka biya shi a hankali. Amma ka fara tabbatarwa shi kaɗai ne magaji, kar ka biya gobe wani ya ɓullo.

Alhaji Na-Fagge: Ranar da ka zauna sulhu ka amsa cewa nasa ne. Ni na faɗa maka, ruwanka.

Abban Walida: Na gode duka. Amma kowa yana magana kamar ni kaɗai ne. Ƙanwata ɗaya bazawara ce, da hayar shagon take ciyar da marayu huɗu, ɗayar kuma mijinta ya ce ko a kotu a haɗu. Ban ce ba zan ba shi komai ba, ban kuma ce zan bayar ba. Mutumin ya ce zai dawo ranar Asabar da ƙanwarsa, wadda aka ɗauko a goye a motar.

Maman Hanif: Har yanzu ba ka faɗa mana sunan wa ke kan takardar da ka yi gini da ita ba.

Ɗan Mai Shanu: In sun zo ka tambaye su shanun kakana.