Abin da muka tattara kan sabon keken tsere da madubinsa

Ranar Asabar a rumfar mai gyaran kekuna a Garwa, wani ƙanenmu ya kawo kuka: ya sayi keken tsere, amma kafin ya haye gadar Binuwai tafin hannunsa ya mutu, mazauninsa na zafi.

Maganar iskar taya aka fi daɗewa a kai. Mai rumfar ya danna tayar da babban yatsa, ya ce, "Kai yaro, wannan ai dutse ce." Taya mai tauri kowane rami sai ta kai maka shi har kafaɗa. Shawararsa a sauya taya mai faɗin milimita 25 da ta 28 in akwai wuri a jikin keken, a rage iska kaɗan. Ni ma na gwada, bambancin a fili yake.

Sirdi kuwa a daidaita shi kwance, tsayinsa yadda in ka ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafa za ta miƙe. A ba jiki mako biyu kafin a sayi wani.

A kan madubi aka yi gardama. Wasu sun ce tarkace ne, amma mafi yawa sun tsaya kan ƙaramin da ake cusawa a bakin ƙahon keken bayan an cire toshiyar. A Kamaru dama ake bi, don haka hagu za a sa shi. A hau keken tukuna, a saita, sannan a ɗaure. Kuma duk da madubi, a waiwaya kafin a karya kwana, saboda masu babur.