"People" ko "peoples": wa ya taɓa cin karo da wannan matsalar?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya faru da ni a makon jiya, har yanzu yana raina. Ƙanwata da ke aji ɗaya a jami'a ta kawo mini aikin da aka ba su in duba mata Turancinsa kafin ta miƙa. A saman takardar ta rubuta "Nigerian Peoples and Culture". Ina gani na ɗauki jan biro na soke harafin s ɗin. Na ce mata tun muna firamare aka koya mana cewa "people" jam'i ne da kansa, ba a yi masa ƙari. Ba ta yi mini musu ba, sai ta buɗe jaka ta ɗauko littafin kwas ɗin ta ajiye a gabana. Ga s nan ɓaro-ɓaro a bango. Abin ya dame ni, don shekaru ina gyara wa mutane wannan kalmar a wurin aiki, kuma ban san nawa na gyara wa daidai ya koma kuskure ba. Don Allah wanda ya taɓa haɗuwa da irin wannan ya ba mu labarin yadda ya warware.

Malamar Turanci:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Malaminku na firamare bai yi ƙarya ba, rabin bayanin ya ba ku, kuma rabin da yaro ya fi buƙata ke nan. Shekara 14 ina koyar da Turanci a sakandare, kuma abin da ya fi yi mini aiki shi ne in mayar da ɗalibai Hausa. Mutum ɗaya "person", mutane da yawa "people". Amma kalmar tana da wata ma'ana ta biyu, wato al'umma, kamar Kanuri ko Nupawa ko Tibi. A wannan ma'anar tilo ce, ana cewa "a people", jam'inta kuma "peoples", al'ummomi ke nan.

Wata ɗalibata ta taɓa rubuta mini a insha'i: "Many peoples came to my sister's wedding." Na kwafe jimlar a allo ban faɗi mai ita ba, na tambayi aji: a bikin yayarku, mutane ne suka cika gida ko al'ummomi? Ajin ya yi tsit, sai wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mutane ne." Na ce to je ki goge abin da ya yi yawa. Ta zo ta sa ɗan yatsa ta goge s ɗin. Daga ranar ban sake ganin kuskuren a ajin nan ba. Littafin ƙanwarka kuwa daidai yake, don maganar Hausawa da Yarabawa da Ibo da Ijaw da sauransu yake yi, kowace da harshenta da al'adarta.

Ɗalibin Lauya:
Malama, Allah ya ƙara basira. Ni a karatun shari'a na gane wannan harafi ba ado ba ne. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya fara da "We the people of the Federal Republic of Nigeria", babu s, domin yana ɗaukar 'yan ƙasa gaba ɗaya a matsayin jama'a guda. Na Amurka na 1787 ma da "We the People" ya buɗe. Amma yarjejeniyar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sa wa hannu a San Faransisko a 1945 cewa ta yi "We the peoples of the United Nations", saboda al'ummomi daban-daban ne suka taru suke magana da murya ɗaya.

Inda abin ya taɓa ni kai tsaye shi ne lokacin da nake rubuta takarda a kan yarjejeniyar Afirka ta kare haƙƙoƙi, wadda aka amince da ita a 1981, hukumarta kuma take zaune a Banjul ta ƙasar Gambiya. Sunanta "African Charter on Human and Peoples' Rights". Ku lura, ɗan waƙafin nan na sama bayan s yake zuwa. Na kai rubutuna shagon buga takardu, yaron da ya buga mini ya ga kamar na yi kuskure, da kyakkyawar niyya ya dawo da waƙafin gaban s a duk inda sunan ya fito. Ban lura ba na miƙa. Malaminmu ya kira ni ofis, ya zagaye wurin da biro, ya ce da wannan ɗan canjin na rushe abin da ya sa yarjejeniyar ta fita daban. Ba haƙƙin ɗaiɗaikun mutane kaɗai take karewa ba, har da na al'ummomi: 'yancinsu na zaɓar makomarsu, da ikonsu a kan arzikin ƙasarsu. Na zauna a gabansa na kasa cewa komai, don a ranar na fara fahimtar takardar da na yi sati uku ina rubutu a kanta.

Yaya daga Maiduguri:
Ku ƙara da ta uku, "persons". Na yi aiki da wata ƙungiyar agaji a sansanin 'yan gudun hijira. Rahotona na farko na cika shi da wannan kalmar, don ina jin kullum ana cewa IDP, wato "internally displaced persons", na ɗauka ita ce kalmar manya. Shugabar sashenmu ta dawo mini da shi ta ce a sunan hukuma da takardun doka ake barinta haka, amma in ina ba da labarin matan da suka yi layin ɗibar ruwa tun asuba, "people" zan ce. Na ga gaskiyarta da na sake karantawa. Ita "persons" ƙirga kawuna take yi, irin wadda ake rubutawa a jikin lif a faɗi adadin waɗanda zai ɗauka. Cikakken sunan NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, shi ma da "Persons" ya ƙare, don harshen doka ne.

Sakatariya:
Ni tawa matsalar "staffs" ce. Duk sanarwar da oga ya ba ni in buga da "All staffs" take farawa. Na san ba daidai ba ne, "staff" ta riga ta tattara ma'aikata duka, in ana son ƙirgawa sai a ce "members of staff". Na daɗe ina jin nauyin yi masa magana. Daga baya na riƙa gyarawa shiru in kai masa ya sa hannu. Wata rana ya tsaya ya duba, ya tambaye ni, na yi masa bayani cikin ladabi. Ya ce in ci gaba da gyarawa, kuma in riƙa nuna masa.

Bamaraɗe:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu da muka yi karatu da Faransanci tamu wahalar daban ce. A Faransanci "le peuple" tilo ne, aikatau ɗinsa ma tilo, mutane kuma "les gens" ne. Da na fara koyon Turanci saboda harkar kasuwanci da Katsina da Kano, kullum sai in rubuta "the people is". Malamin da ke koya mana da yamma ya gaji da gyara, ya ce in daina bi ta Faransanci, in tambayi kaina da Hausa: mutane sun zo ake cewa ko mutane ya zo? Tun daga nan "are" ta zauna mini.

Malamar Turanci:
Malam na Maraɗi, malaminka ya iya aiki. Hausa ma tana da kalmar da ke tsaka-tsaki: za ka ji an ce "jama'a sun taru", ka kuma ji "jama'a ta taru". Turancin Ingila yana yin haka da kalmomi irin su "team" da "family". Amma "people" mai nufin mutane, da "police", jam'i kawai suke ɗauka. "The police are coming" ake cewa.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na kira ƙanwar tawa na ba ta haƙuri, na ce ta mayar da s ɗinta. Ta ce ai tun ranar ta sake buga shafin. Saura tambaya ɗaya, Malama: sunan jam'iyyar PDP fa, da ake rubuta "Peoples Democratic Party" ba waƙafi ko ɗaya?

Malamar Turanci:
Wannan suna ne, yadda masu shi suka rubuta haka za ka kwafa, kada ka taɓa. Amma in ɗalibi ya rubuta mini "the peoples choice" a jarrabawa yana nufin zaɓin jama'a, zan sa masa waƙafi kafin s, in kuma rage masa maki.