Tsohuwar motata mai gas tana jan iska idan ta kwana

MaiTsohuwarMota:
Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar motar ɗaukar kaya mai amfani da gas, wato dizal, irin mai injekta na da (babban famfon da ke tura wa inji mai), babu kwamfuta a jikinta. Idan ta kwana, da safe tana tashi bugu ɗaya, sai ta ɗan yi silo ta mutu. Daga nan sai na yi ta danna famfon hannu na kan filta har ya yi tauri kafin ta yarda ta sake tashi. In ta tashi kuma shi ke nan, wuni za ta yi tana aiki lafiya. Na sa sabon filta, batir ma lafiyarsa ƙalau, kuma na duba ƙarƙashinta ban ga ɗigon mai ko ɗaya ba. Abin da na lura, in tanki ya cika fal matsalar tana sauƙi. Wani ya ce in kwance injekta in kai gyara. Kafin in taɓa shi ina son jin ta bakinku.

TsohonBakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ƙyale injektan nan. Motar da ke wuni tana jan kaya ba ta fashi, injektanta bai yi laifi ba. Tashin farkon da take yi, ragowar man da ke cikin injekta take ƙonewa, yana ƙarewa sai iska ta biyo baya.

Rashin ganin ɗigo kuma kada ya ruɗe ka. Daga tanki zuwa ƙaramin famfon da ke jawo mai, layin zuƙa yake yi, ba turawa ba. Tsagar da ta yi wa gas ƙanƙanta ya fita, iska tana shiga ta cikinta a sauƙaƙe. Da dare sai man ya sulale ya koma tanki, iska ta maye gurbinsa. In tanki ya cika, man ba shi da nisan gangarawa, shi ya sa kake ganin sauƙi.

Samo tiyo fari wanda ake ganin cikinsa, ka sa tsakanin filta da injekta. Tayar da ita ka kalla. In kumfa na wucewa, sai ka riƙa matsar da tiyon baya, gaɓa-gaɓa, har ka kai inda mai ke tafiya garau. Ɓarakar tana tsakanin nan da inda ka baro. Ni da famfon hannun nan zan fara zargi, robarsa na bushewa ta tsage in ya tsufa. Sai robar bakin filta, musamman in tsohuwar ta manne a sama aka ɗora sabuwa a kanta. Sai woshoshin jan ƙarfe na mahaɗar layi, waɗanda bai kamata a maimaita su ba in an kwance. Kada ka manta da ƙananan tiyon da ke maido da rarar mai daga nozul (masu fesa mai cikin inji), su ne aka fi rainawa.

DirebanDogonZango:
Oga ya gama magana. Ƙari kawai: ka ja mata mai kai tsaye daga jarka mai tsabta, ka bar ta ta kwana a haka. In ta tashi lafiya, matsalar tana wajen tanki, ko bututun da ke cikinsa ya tsage ko rariyarsa ta toshe. Ka kuma duba baƙin mai. In ya ƙaru yana warin gas, fatar ƙaramin famfo ta yage.

MaiTsohuwarMota:
Allah ya saka da alheri. Na sa farin tiyon, ga kumfa nan jere kamar carbi, amma kafin filta babu. Oga, in na canza kan filtan, yaya zan fitar da iskar gaba ɗaya?

TsohonBakanike:
Madalla, ka kama ɓarawon. Sassauta notin fitar da iska na kan filta, ka yi ta danna famfo har mai ya fito babu kumfa, ka ɗaure tun yana zuba. Ka yi haka a na jikin injekta in yana da shi. In ta ƙi tashi, sassauta notin bututun nozul guda biyu, wani ya buga kik, da gas ya fara tsartuwa ka ɗaure. Kada a riƙe kik ya wuce daƙiƙa 15, a bar shi ya huce tukuna. Hannunka kuma ya yi nesa da wurin, don matsin da ke buɗe nozul ya haura 100 a ma'aunin matsi na bar, yana iya huda fata. Masu sababbin motoci na kwamfuta kada su kwaikwayi wannan, matsin nasu ya ninka haka sau da yawa. Kuma don Allah kada kowa ya zuba maka fetur ta bakin iska wai don ta tashi da wuri.