Shawarwarin majalisarmu kan tafiya kwarin Hunza

Daren jiya a majalisarmu ta Birnin Kebbi hira ta karkata kan kwarin Hunza na arewacin Pakistan, inda ake zuwa kallon ƙanƙarar da ta daskare tsakanin duwatsu shekara da shekaru. Wani ƙanenmu da ya yi karatu can shi ya riƙe zancen.

Ya ce mai ƙaramin ƙarfi ya manta da jirgi, ya hau bas daga birnin Rawalpindi zuwa Gilgit, garin da ake bi a shiga Hunza, ta babbar hanyar Karakoram. Kusan kwana guda ake yi, gwiwa a lanƙwashe. Masaukin ƙauye ya fi otal araha.

Hirar ta fi daɗewa kan ƙanƙarar Batura, mai tsawon fiye da kilomita 50. Kada a taka ta ba ɗan jagora, don akwai ramuka masu zurfi. Sabon takalmi kuma, a fara horar da shi a gida. A kwana biyu a Karimabad, wani gari a cikin kwarin, kafin hawa, jiki ya saba da ƙarancin iska. Wannan, a ganina, ita ce shawarar da ta fi.

Kawu ya ce, "Kai yaro, mu da hunturu ke kayarwa?" Aka ce to ya bari sai watan Yuli.