Ɗan Garinmu Ne ko Baƙo? Cacar Baki a kan Daraktan Fim

Mai Shagon Bakin Kasuwa: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Wannan darakta ɗan garinmu ne, a tsangayar bayan masallacin Juma'a ya yi karatun allo, kafin ya tafi Kano ya fara ɗaukar wa masu fim kaya a Zoo Road, har Allah ya ɗaukaka shi ya zama gwanin fina-finan bin sawun masu laifi. Da kakar bara ya zo da motoci uku, suka kwana biyar suna aiki a tsohon gidan Kawu na gefen rafi, matanmu suna tuƙa musu tuwo, yara suna jan wayar janareta. Da fim ɗin ya fito a YouTube, sai ga gidan an mayar da shi maɓoyar masu garkuwa da mutane, kuma ko sunan garin bai ambata a godiya ba. Ni butulci nake kiran wannan.

Malamin Firamare: Yaya, kafin a kai ga butulci, a fara gyara "ɗan garinmu". Mahaifinsa cin rani ya zo daga wajen Gumel, zama ya yi masa daɗi ya ƙi komawa, kuma har ya rasu gonar aro yake nomawa.

Tela: Malam, lokacin da aka haifi mutumin nan ai Gumel ma Jihar Kano ce, sai a 1991 aka yanke Jigawa. A nan aka binne cibiyarsa, kakata ce ungozomar da ta karɓi haihuwarsa.

Malamin Firamare: Maganar gari nake yi, ba ta jiha ba. Wanda rabonsa da hawa idi tare da mu ya fi shekara goma, da wane baki za a ce ɗan gari ne?

Hajiya Mai Koko: Malam, a yi hattara da wannan ma'auni, domin in da zuwa idi ake zama ɗan gari, ƙanenka da ke Legas ya daɗe da zama Bayarabe.

Mai Shagon Bakin Kasuwa: Don Allah a dawo kan maganar gidan Kawu.

Ɗan Liman: Ai tun farko karɓarsu ne kuskure. Ku tuna a 2016 gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a Ƙofa, nan Ƙaramar Hukumar Bebeji, malamai suka hau mumbari suka ƙi, aka janye maganar. Abin da aka kore da huɗuba, ku kuka shimfiɗa masa tabarma.

Tela: Allah ya gafarta Malam, wannan janyewar mu ta cuta. Da an gina, da ni nake ɗinka musu kaya. Sana'ar da ta faro tun fim ɗin Turmin Danya a 1990, kuma Hukumar Tace Fina-finai take sa mata ido tun 2001, ba a bakin ƙofarmu za ta zama haram ba.

Ɗan Liman: To, ashe cinikinka kake karewa.

Tela: Kai ma na gan ka a bayan katanga kana leƙen kyamara ranar da aka ɗauki wurin harbi.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na karanta duka, kuma abin da na fahimta shi ne mafi yawan jama'a sun yarda cewa darakta ɗanmu ne na halal, wanda ya fito da martabar garin nan idon duniya. Malamin Firamare bai kawo hujja ba, Ɗan Liman kuwa ya kauce hanya. Batun godiya mantuwa ce ta mai tace hoto, darakta da kansa ya gaya mini haka ranar da ya sa ni na fito a matsayin mai gari a kashi na biyu. An rufe wannan magana, a ci gaba da batun kuɗin taki.