Sugan masu ciki: likita ta ce a tayar mini da naƙuda a sati 39, in yarda ko in jira?

Ummu Hanan:

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Don Allah shawara nake nema a wurin waɗanda suka taɓa shiga halin da nake ciki, musamman in akwai ma'aikatan lafiya a cikinku.

Cikina na uku ne, yanzu sati 36. Shekarata 34, ina koyarwa a wata firamare a Zariya. Ina sati 27 aka yi mini gwajin nan da ake zuwa ba a karya ba, a ɗebi jini, a ba ki ruwan suga ki shanye, bayan awa biyu a sake ɗiba. Na farkon ya nuna 5.6, na biyun 9.1. Likita ta ce sugan masu ciki ne. Ummanmu dama tana da suga, kuma Hanan kilo 4 cif na haife ta, sai da aka yi mini ƙari.

Da gyaran abinci na fara. Shayi da burodi na safe na bar su, na koma ƙwai da alala ko ƙosai. Koko kam na haƙura da shi, don ko ban sa suga ba, bayan awa ɗaya na'urar gida 170 take nuna mini. Tuwon shinkafa malmala ɗaya 165. Amma in na ci rabin malmalar tuwon dawa da miyar kuɓewa mai yawa da kifi, sannan na zagaya tsakar gida minti ashirin, ba ya wuce 130. Kwaɗon zogale, awara da gyaɗa su ne abin taɓawata a makaranta. Sugan bayan cin abinci ya daidaita, na safe ne ya kafe a 100 zuwa 105, ko me na ci da dare. Shi ya sa aka ɗora ni a kan ƙwayar maganin suga ta metformin tun sati 31. Yanzu alhamdu lillahi na safe 88 zuwa 93.

Farkon satin nan aka yi mini hoton ciki, aka ce yaron ya kai kilo 3.2, kuma awon cikinsa ya zarce awon kansa. Jinina bai hau ba. Likita ta ce ba za mu jira naƙuda ta zo da kanta ba, in na cika sati 39 in zo da kayana a kwantar da ni a tayar da ita.

Tun ranar ba na barcin kirki. 'Ya'yana biyu duk da kaina na haifa, bayan sati 40. Ƙanwar maigidana kuwa ruwan naƙuda aka sa mata, ta kwana biyu tana wahala, ƙarshe tiyata aka yi. Hajiya surukata ta ce zaƙi ne kawai ya taru mini, ta aiko da jarkar maganin zaƙi, ta ce ɗa ba a fizgo shi sai Allah ya kawo lokacinsa. Abban Hanan ya ce abin da likita ta ce shi za a yi, amma na san kuɗin tiyata yake lissafawa a ransa.

Tambayata, tunda sugan ya kwanta, me zai hana a bar ni in kai lokacina? Da gaske ne ruwan naƙuda shi ke kai mace tiyata? Maganin Hajiya kuma fa?

Maman Sultan:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ni an tayar mini a sati 38 a nan Kaduna, allurar insulin ta suga nake yi safe da dare, kuma jinina ya fara hawa. Abin da na so a ce an gaya mini tun farko shi ne, ba lallai da ruwa ake farawa ba. Da aka duba ni bakin mahaifa a rufe yake, sai aka zura mini siririyar robar nan ta fitsari ta bakin mahaifar, aka hura kanta da ruwa, na kwana da ita. Ciwon kamar na al'ada mai ƙarfi. Da asuba ta faɗo da kanta, na buɗe santimita 4. Daga nan aka fasa faya, aka ɗaura ruwa da kaɗan-kaɗan, kafin la'asar na haihu.

Ba zan ɓoye miki ba, ciwon ruwa ya fi na haihuwata ta fari zafi, don a jere yake zuwa, hutun tsakani kaɗan ne. Amma ya fi shi gajarta. Jiran farkon ne ke karya zuciya, kina kwance kina jin kukan jariran waɗanda suka same ki a ɗakin. Ki tafi da mai haƙurin zama, ki tafi da abincinki da na'urarki, don abin da dangi za su yi ta kawowa shayi ne mai kauri da lemon kwalba.

Sultan sugansa ya faɗi bayan haihuwa, ya kwana ɗaya a ɗakin jarirai ana ba shi dakashin da na matsa. Da a gida na haihu, ba mai sanin abin da ya sa yake ta barci ba ya kama nono.

Hajiya Babba:

Ni dai 'yata, ra'ayina ki koma ki tambaya ko akwai damar jira. Ni ma an same ni da shi a cikin autana, ban sha ko ƙwaya ɗaya ba, abinci da tafiya suka riƙe shi. Likitana ya bar ni ina zuwa awo duk sati, na haihu da kaina kwana biyu bayan cika sati 40, yaro kilo 3.5. Jikin da ya haihu sau biyu ya san hanya. Sai dai ni ba a ba ni magani ba, yaron kuma bai yi girman naki ba, don haka kar ki ɗauki nawa ya zama naki. Abin da ba na so shi ne a yanke wa mace rana a kan takarda ba a zaunar da ita an yi mata bayani ba.

Sista Mai Awo:

Ummu Hanan sannu da ƙoƙari. Ni ungozoma ce, kuma alƙaluman da kika kawo sun nuna kina kula sosai. Abin da ake nema shi ne na safe ya zauna ƙasa da 95, na awa ɗaya bayan cin abinci ƙasa da 140. Ma'aunin ɗakin gwaji daban yake da na na'urarki, ki raba na na'urar da 18: 95 ɗinki shi ne 5.3 a wurinsu.

Suga yana ratsa mabiyiya ya je wa jariri, insulin ɗinki kuwa, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ba ya ratsawa. Sai jikin jaririn ya ƙera nasa ya ƙara, ya mayar da sugan kitse, kitsen kuma kafaɗu da ciki yake taruwa. Abin da hoton ya nuna ke nan da aka ce awon cikinsa ya zarce awon kansa. Abin da muke tsoro a ɗakin haihuwa shi ne kai ya fito, kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin mara. Mintoci kaɗan ake da su. Yawanci ana fitar da yaro lafiya, amma akan samu karayar ƙashin wuya ko shanyewar hannu. Sannan haɗarin yaro ya koma a ciki, ko da yake ƙarami ne, yana ƙaruwa in ciki ya wuce lokaci. A ƙarshen ciki yaro yana ƙara wajen giram 200 a sati. Daga 3.2 a sati 36, kina maganar 3.8 a sati 39, sama da 4 a sati 41. Hoton kansa yana kuskure da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, sama ko ƙasa, don haka ba shi kaɗai ake dubawa ba.

Maganar rana kuma, manyan ma ba bakinsu ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce wadda abinci kaɗai ya riƙe mata tana iya kaiwa sati 40 da kwana 6, wadda take kan magani kuma sugan ya daidaita ta haihu a cikin sati na 39, wadda nata ya ƙi kwanciya a duba tun daga 37. A Ingila ƙa'idarsu kada a wuce 40 da kwana 6. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ta ce in suga ne kaɗai matsalar, ba ta ba da shawarar tayarwa kafin sati 41 ba, amma ita da kanta ta ce hujjar ba ta da ƙarfi. Hajiya Babba tana rukunin farko, ke kina na biyu, ga yaro babba, ga tarihin kilo 4. Ni a ganina likitarki ba ta yi gaggawa ba. Da 37 ta ce, da ni ma na tambaye ta dalili, don huhun jaririn mai suga yana jinkirin ƙosawa.

Tiyata kuwa, an yi wani babban bincike a Amurka da ya fito a 2018, mata sama da 6,000 masu cikin fari. Waɗanda aka tayar wa a sati 39, kusan 19 cikin 100 aka yi wa tiyata. Waɗanda aka bari suka jira, 22. Ba masu suga ba ne, kuma asibitocinsu suna da kayan sa ido, amma ya isa ya nuna ba tayarwar ce kanta ke kai mace ɗakin tiyata ba. Wadda ta haihu sau biyu da kanta kamar ke, jikinta ya fi saurin amsawa nesa ba kusa ba. Ƙanwar maigidanki in cikin fari ne, bakin mahaifa bai nuna ba, labarinta daban.

Inda nake so ki tsaya da ƙafarki shi ne wurin da za a yi. Oksitosin, wato ruwan naƙuda, da ƙwayar tayar da naƙuda ta misoprostol magunguna ne masu ƙarfi. Ƙwayar misoprostol yawanci mikrogiram 200 ce, abin da ake bayarwa don tayar da naƙuda 25 ne kacal, kuma ba a ba wadda aka taɓa yi wa tiyata. Matan da ake kawo mana mahaifa ta fashe, da yawansu a gida ko a kemis aka tsira musu allurar naƙuda ba mai sauraron yaro. Ki tambaya, ba kunya: wa zai riƙa sauraron bugun zuciyar jariri, bayan minti nawa? In abu ya juya da tsakar dare, akwai likitan tiyata da jini a ajiye? Suna auna sugan jariri? In amsoshin ba su gamsar da ke ba, ki nemi a tura ki babban asibiti tun yanzu.

Jarkar Hajiya kar ki sha. Ba wanda ya san abin da ke ciki da yawansa, wasu zawo suke sakawa su tsotse ruwan jiki, wasu da zuma ake haɗawa. Sugan jini daban yake da zaƙin da ake cewa yana fita ta gaba.

Kuma daga yau har ki sauka, in motsin yaro ya ragu ko ya canza, kar ki jira ranar awo, kar ki jira gari ya waye.

Ummu Hanan:

Sista Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Maman Sultan da Hajiya Babba na gode ƙwarai. Na koma awo jiya, kuma na roƙi Hajiya ta raka ni. Likita ta zaunar da ita, ta ɗauko 'yar tsanar da suke koyarwa da ita, ta nuna mata yadda kafaɗa ke maƙalewa. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ba da labarin wata maƙwabciyarsu a ƙauye da ɗanta ya tashi da hannu a shanye, ana ta cewa iska ce. A mota ta ce wa Abban Hanan ya fara tanadin jini. Jarkar ba ta sake tambayarta ba.

Na yi duk tambayoyin. Akwai likitan tiyata da dare, jini kuma mu za mu kawo mai bayarwa kafin ranar. Na faɗi maganar Hajiya Babba, likita ta ce in na cika sati 38 za ta duba bakin mahaifa, in ya fara laushi ta zagaya shi da yatsa, wataƙila naƙudar ta taso da kanta. In ba ta taso ba, sati 39 zan kwanta. Na yarda, ba don tsoro ya tafi ba, yana nan. Amma sati biyun da nake son ƙarawa ni za su yi wa daɗi, yaron kuwa kiba kawai zai ƙara.

Saura abu ɗaya Sista. Gida zan tafi wankan jego, kuma na san Ummanmu: kunun kanwa safe da yamma, fura da rana. In na haihu shi ke nan sugan ya tafi?

Sista Mai Awo:

Yawanci da mabiyiya ta fita yake sauka, don ita ke fitar da sinadaran da ke hana insulin aiki. Za a tsayar miki da metformin, a auna ki kafin sallama. Jariri ki sa shi a nono cikin rabin awa, ki riƙa ba shi duk awa biyu zuwa uku ko da sai kin tashe shi, za a auna sugansa awa biyu zuwa huɗu bayan haihuwa. Kar ki bari a matse dakashi a zubar, shi ne maganinsa.

Amma kada ki ɗauka an rabu. Kusan rabin matan da suka yi sugan ciki suna samun ciwon suga na dindindin cikin shekara biyar zuwa goma, ke kuma ga Umma. Ki koma gwaji tsakanin sati 6 da 13 bayan haihuwa, wato kina gama arba'in ki je, daga nan duk shekara. In kin sake samun ciki, ki faɗa musu tun awon farko, kar a jira sati 24. Shayarwa tana rage haɗarin, ki dage da ita. Kunu ki sha kofi ɗaya ba suga, kanwar a rage ta sosai don tana ɗaga jini, ki fi ba da ƙarfi a gasasshen nama, farfesu, wake da ganye. Na'urarki ki tafi da ita gida, ki riƙa auna Umma ma da safe. Allah ya sauke ki lafiya, muna jiran labarin suna.